Ƙannena, Kada Ku Ci Uwar Kuɗi

Ƙannena na Pelebina, da na unguwannin Jugu, da na Zangon Paraku, maza da mata: Maganar kuɗi zan yi muku, amma ba kuɗin cefane da ke shigowa da safe ya fita da yamma ba. Akwai wani kuɗi da kan faɗo hannun mutum a dunƙule, sau ɗaya ko sau biyu a duk ƙuruciyarsa: ladan ƙwadagon shekara a gonakin Saki can Najeriya, kuɗin kashu da aka auna a watan Maris, kwasar adashi, sadaki, rabon gado, ko abin da yaya ya aiko daga Italiya. Abin da matashi ya yi da wannan dunƙule a makon da ya karɓe shi, galibi shi ke raba wanda zai tsufa yana sayar da ƙarfinsa da wanda wata rana dukiyarsa za ta riƙa yi masa aiki. Masana tattalin arziki a jami'o'i sun shafe shekaru suna auna wannan al'amari da alƙaluma, wasunsu ma a nan Benin suka yi awon. Ya kamata ku ji abin da suka gano, tunda a kanku ake magana.

Ku fara da garinku. Ba noma kaɗai ya gina Jugu ba. Babban zango ce a hanyar fatake masu tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su sauka a Nikki da Paraku da Jugu, sannan su miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Su tafi da kanwa da rinannun tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci a 1980, inda ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙe shi. To, a ayari ɗaya akwai mai kaya, akwai mai ɗaukar kaya. Rana ɗaya ke dukansu, 'yan fashi ɗaya suke tsoro, wata da watanni. In an isa gida, ɗan alaro ya karɓi ladansa ya cinye kafin wata tafiyar, in ma ɗa ne ba bawa ba. Mai kaya kuwa ya ware uwar kuɗi, ya ɗora riba a kanta, baɗi ya fito da jakuna fiye da na bana. Yaron gida mai hankali shi ne wanda maigida ya bari ya cusa ɗan ƙullin hajarsa cikin kayan ayari, shi kuma ya ƙi taɓa ribar har ta isa sayen jaki. Ta wannan ƙofa bara ke zama attajiri. Alhassan Ɗantata, ɗan gidan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, da goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano sai ya juya jarinsa zuwa gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Kusan shekara 150 ke nan daga haihuwar Alhassan, jarin gidan bai yanke ba.

Abin da fatake suka sani a aikace shi wani Bafaranshe, Thomas Piketty, ya fito da shi da lissafi a littafinsa na 2013. Ya tono takardun haraji da na rabon gado na Faransa da Ingila da Amurka, wasu sun haura shekara 200, ya nuna cewa a mafi yawan tarihi dukiya kan haifar wa mai ita kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara, alhali arzikin ƙasa gaba ɗaya, wanda albashi da ladan ƙwadago ke bin sawunsa, da wuya ya daɗe yana ƙaruwa da fiye da kashi 1 zuwa 2. Wato mai gidan haya da mai garke suna yin gaba da sauri fiye da mai albashi, kuma tazarar kan wuce daga uba zuwa ɗa. An soke shi. Wani masani a Amurka, Matthew Rognlie, ya ce in an duba da kyau yawancin ƙaruwar daga gidaje take. Ni wannan suka ba ta rage mini komai ba. Duk wanda ya ga yadda ɗalibai ke neman ɗakin haya a kewayen Jami'ar Paraku tun da aka buɗe ta a 2001, ya san wanda ya ci ribar zuwan jami'ar: wanda ya riga kowa sayen fili.

Sai dai Piketty da manyan masu dukiya yake. Tambayarku daban ce: wanda bai gaji ko akuya ba, ta ina zai fara? Amsar da ta fi gamsar da ni daga Bangladash ta zo. Wata ƙungiya mai suna BRAC ta raba wa matan da suka fi kowa talauci a ƙauyuka dukiya, galibi saniya. Masana daga Landan, cikinsu har da Oriana Bandiera da Robin Burgess, suka bi gidaje wajen 6,000 har shekara 11, suka buga sakamakon a 2022. Sun tarar akwai wani mizani. Gidan da saniyar ta haɗu da ɗan abin da yake da shi ta tsallakar da shi mizanin nan, sai ya ci gaba da tarawa, ya ƙara dabbobi, ya kama ƙasa, ya bar ƙwadagon yini. Gidan da ya gaza kaiwa, ko da kaɗan ne, sai ya zame ya koma inda ya fito. Ba lalaci ya raba su ba, girman jarin farko ne. Hausawa sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jaka 300 a hannu ɗaya jari ce, in aka raba ta gida goma ta zama cefane.

Kun san yadda ake dawowa daga Najeriya a ƙarshen shekara. Yaro ya kusan shekara yana tada kunyar doya a gonar wani, ya shigo gari a kan sabon babur, ledar kamfani ba a ɓare daga kujera ba, rediyo ɗaure a baya, yara na bin sa da gudu. Ban raina babur ɗin nan ba, guminsa ne. Amma babur iri biyu ne. Akwai wanda ke ɗauko doya daga gona zuwa bakin titin Basila, ko ya yi kabu-kabu a Jugu, mai shi kullum yana ware kuɗin mai, da na gyara, da na sayen wani in wannan ya tsufa. Akwai kuma wanda ake zagaya gari da shi ranar kasuwa, aboki ya ara, ƙane ya ara, ba a canja masa baƙin mai, kafin damina biyu ya koma ƙarfe a bayan ɗaki, mai shi ya sake ɗaukar jaka ya nufi Saki. Wannan na biyun ba babur kaɗai ya yi asara ba, shekara guda ta ƙarfinsa ya jefar, kuma ƙarfi ba ya dawowa.

Kada wani ya ce jarinsa ya yi ƙanƙanta. A ƙasar Siri Lanka, masana uku, Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff, sun zaɓi ƙananan 'yan kasuwa ta hanyar ƙuri'a suka ba su dalar Amurka 100 ko 200. A sakamakon da suka buga a 2008, ribar wannan ɗan ƙari ta kai wajen kashi 5 cikin ɗari a wata, wato kusan kashi 60 a shekara. Babu bankin da ke biyan haka. Ƙaramin jari a hannun wanda ya iya sana'arsa ya fi babban jari saurin haihuwa, kuma wannan ce damar talaka. Da aka maimaita gwajin a Akara da Tema a Gana da sidi 150, sai wani abu ya fito fili. Waɗanda aka raka kasuwa aka saya musu haja ko kayan aiki sun fi waɗanda aka damƙa wa tsabar kuɗi cin riba, musamman mata. Kuɗi ɗaya ne, amma tsaba a aljihu kowa yana da hakki a kanta, har da son zuciyar mai ita, ita kuwa haja a teburi sai an sayar. Don haka ranar da dunƙulen ya shigo, kada ku bari ya kwana da yawa a matsayin tsaba. Tun kafin ya zo ku san abin da za ku saya, ku tambayi farashi, ku yi ciniki.

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta taɓa zumunci. Kowa ya san abin da ke faruwa in labari ya bazu cewa wane ya kwashi adashi. Kawu zai zo da takardar asibiti, gwaggo da bikin 'yarta, aboki da bashin da ba za a biya ba. Ba mu kaɗai ba ne. A Kamaru, wani bincike da aka buga a 2011 ya tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na basussukan da ake ci a wasu asusun ajiya, masu cin su suna da ajiyar da ta kai bashin a asusun. Suna cin bashi da kuɗin ruwa ne kurum don su iya ce wa dangi ana bin su. Wannan abin tausayi ne, kuma ba na so ku zama maƙaryata a gaban iyayenku. Zumunci wajibi ne, shi ne kuma asibitinmu da inshorarmu ranar da ƙafa ta karye. Abin da nake roƙo shi ne ku raba tsakanin uwa da riba, ku faɗa a fili. Ka zauna da mahaifinka ka ce, Baba, wannan uwar kuɗi ce, in na taɓa ta mun koma jiya ni da ku. Ga abin da zan iya kawowa duk wata daga riba. Da farko za a ce ka yi rowa. Bayan shekara biyu, in abin yana zuwa bai yanke ba, su da kansu za su tsare maka jarin. Ku kuma magidanta matasa, jarin matarka na ƙosai ko na man kaɗe nata ne a shari'a. Masana sun lura cewa sau da yawa abin da ke hana jarin mace haihuwa shi ne ana karkatar da shi zuwa sana'ar miji. Kada ku zama cikin waɗannan.

Akwai kuwa hidimar dangi guda da bincike ya nuna ba ta faɗuwa ƙasa banza, kuma ɗan ƙasar nan ne ya nuna. Leonard Wantchekon, haifaffen Zagnanado, farfesa a Jami'ar Princeton ta Amurka, wanda ya kafa makarantar koyon tattalin arziki ta Afirka a Abomey-Calavi a 2014, shi da abokan aikinsa sun bi sawun yaran farko da suka shiga makarantar boko a Zagnanado a 1895, da waɗanda suka shiga daga baya a Save da Kandi da Natitingu. Suka gwada su da tsararrakinsu da ba su shiga ba, suka kuma bi zuriyarsu. A abin da suka buga a 2015, ɗaliban sun fi jin daɗin rayuwa, 'ya'yansu sun fi karatu, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya ja hankali shi ne 'ya'yan 'yan'uwansu ma sun yi karatu kusan daidai da 'ya'yan cikinsu. Kawu ɗaya mai ilimi ya ja gida guda. Saboda haka in za ka ware wa dangi wani kaso, ka fara da littattafan ƙanwarka da kuɗin jarrabawar ɗan yayanka, ka biya da hannunka a makarantar.

Dole in faɗa muku wani sakamako mai ɗaci. Alberto Alesina da abokansa sun duba ƙidayar jama'a ta ƙasashen Afirka 27, suna tambaya ɗaya: yaron da iyayensa ba su yi boko ba, wace dama gare shi ta gama firamare? Sun tarar yankunan da ke kusa da teku, da babban birni, da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa sun fi na nesa, kuma shekarun da suka fi tasiri su ne tsakanin 5 da 11. A wani binciken da suka buga a 2023 a kan ƙasashe 21, sun tarar ko a gunduma ɗaya, cikin gidajen da iyaye ba su yi karatu ba, 'ya'yan Kirista sun fi 'ya'yan Musulmi samun wannan dama. Ban kawo wannan don wani ya ji haushi ba. Na kawo ne don mun san yadda abin ke faruwa a gidajenmu: a cire yarinya daga aji a ɗora mata talla, ko a tura ta aikatau Kwatano, a bar yaro ya bi yayyensa Najeriya kafin ya iya rubuta sunansa. Allo da boko ba sa korar juna, wanda ya tashi da asuba ya ishe su duka. Ribar tallar yarinya ta shekara ba ta kai ko kusa da abin da aka ƙwace mata ba.

Sai ƙasa. Yawancinku abin da zai fi muku sauƙin zama jari shi ne gonar kashu, wadda in ta kama takan yi shekaru tana ba da 'ya'ya. Amma kun san al'adar yankin nan: wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace, domin dasa itace kamar cewa ne ƙasar tawa ce. Bahaushe kuwa a wurare da yawa baƙo ake ɗaukarsa ko da a nan aka haifi kakansa. Tsakanin 2006 da 2011 an yi wani shiri a ƙauyukan Benin, aka zaɓi wasu ta ƙuri'a aka shata iyakokin gonakinsu a gaban shaidu, aka kafa duwatsu. Masanan Bankin Duniya da suka bi lamarin sun buga a 2018 cewa manoman waɗannan ƙauyuka sun fi sauran dasa itatuwa da amfanin gona mai daɗewa, tun ma kafin takardun mallaka su iso hannunsu. Wanda ya tabbata ba za a kore shi ba, shi ke dasawa. Ƙasar nan tana da dokar filaye tun 2013. Kafin ka zuba kuɗinka a gonar da ba ta gado ba, a taka iyaka da mai ƙasa da dattawa, a rubuta abin da aka yarda za ka dasa da shekarun da za ka ci, a kai wa hukuma ta sa hannu. Alherin dattijon da ya ba ka ba zai ɗaure 'ya'yansa ba bayan ransa.

In gonar ta kama, ku kiyayi mai sikeli da ke zuwa tun itace na fure, ya miƙa kuɗi a kan farashin da shi ya yanka, ya dawo lokacin tsinta ya kwashe buhuna. Haka masara: a sayar da araha da kaka, a sayo da tsada da bazara. A yammacin Kenya an gwada ba manoma rance daidai lokacin girbi don su iya riƙe masararsu, ribar ta kai wajen kashi 29 cikin ɗari. Mu ba sai mun je ga kuɗin ruwa ba. Ku tsara adashinku kwasa ta faɗo lokacin da matsi ke sa ku sayar da wuri. Shi kuwa wanda ya zo muku da alkawarin ninka kuɗi ba tare da kun ga hajar da ake juyawa ba, ko a ofis ko a waya, ku tambayi manyanku labarin ICC Services, wadda ta rushe a 2010 da ajiyar jama'a ta fiye da sefa biliyan 150.

Haraji fa? Na san ba wanda ke murnar ganin mai tikiti a kasuwar Arzeke ta Paraku. Ba kuma zan ce muku rajista kaɗai za ta kawo ciniki ba. An gwada a Kwatano da ƙananan 'yan kasuwa wajen 3,600: duk da taimako da horo da aka ba su kyauta, waɗanda suka ƙaru a rajista ba su wuce kashi 16 da ɗoriya cikin ɗari ba, kuma ba a ga ribarsu ta ƙaru ba. Mai teburin goro bai da gaggawa. Amma ranar da kake son kwangila, ko asusun banki na kasuwanci, ko shigo da kaya da sunanka, lambar haraji ta IFU za a fara tambayarka, gara ka shirya tun da wuri. Abin da za ka biya kuma, ka biya ka karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa a ninke cikin tafin hannu a bakin shinge shi ma haraji ne, har ya fi ciwo, domin ba ya gina ko kwalbati, kuma talaka ya fi biyansa. Paraku ce garin da aka fara rajistar filayen birni a ƙasar nan wajen 1990, don a san mai gida a karɓi haraji a kan gidan. Wannan shi ne adalci: dukiyar da ke zaune ta biya, ba mai ɗauke da tire kaɗai ba. A garin Kananga na Kwango, wani bincike na 2020 ya nuna unguwannin da aka bi gida-gida neman harajin gidaje sun fi zuwa taron hukuma suna tambayar inda kuɗin ya shiga. Ku yi haka a Jugu. Mai rasit a aljihu bakinsa ya fi kaifi a gaban magajin gari.

Mu Musulmi ma muna da harajin dukiya tun kafin a haifi masu wannan muhawara. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, kashi 2.5 cikin ɗari ake fitarwa. Shanu 30, ɗan maraƙi. Awaki ko tumaki 40, guda. Zakka tana rage dukiyar da aka binne, shi ya sa malaman fiƙihu suka umarci mai riƙon dukiyar maraya ya juya ta. Ga attajiranmu na Jugu da Paraku ina da roƙo a nan: maimakon a canja zakka zuwa ƙananan takardu a raba wa layin mutane a ƙofar gida, a ba mutum biyu ko uku abin da zai tsallakar da su mizanin nan, keken ɗinki, ko injin niƙa, ko shanun huɗa. Malamai sun yi bayani a kan ba mabuƙaci abin da zai wadatar da shi, a tambaye su.

Ku kuwa ƙannena, kafin kashu ya sake nuna, kowa ya sayi ɗan littafin rubutu. A shafin farko ka rubuta uwar kuɗinka, ko jaka biyar ce. A na biyu, abin da za ka saya ranar da dunƙulen ya shigo. A na uku, sunan yaro ko yarinya ɗaya a gidanku da ka ɗauki alkawarin ba za a cire daga makaranta ba muddin kana da rai da lafiya. Wanda bai iya rubutu ba ya sa wannan yaron ya rubuta masa. Allah ya sa albarka a guminku.